Burgamin Nababa

A Tudun Kaba, wani ƙauye da ke yamma da Bagwai, idan ka ce kana neman Nababa sai an tambaye ka wanne, amma da ka ce Nababa mai fiɗa, ko makaho zai nuna maka gidan. Dogon mutum ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, wanda ba ya dariya sai in wani ya yi tuntuɓe a gabansa. Ba shi da aboki, bai kuma taɓa nuna yana nema ba.

Ubansa, Ɗan Iya, maharbi ne na gaske, tun zamanin da akwai daji tsakanin ƙauyen da rafi. Yana da wani burgami na fatar muzurun daji, wato jakar da aka feɗe dabbar ba tare da an tsaga cikinta ba, da kai da ƙafafu da wutsiya duk a jiki, kan ne ma murfinta. A ciki yake zuba ƙyastu da layu da dafin kibiya. Nababa ya tashi yana kallon jakar nan a kafaɗar ubansa, yana lissafin ranar da za ta dawo tasa. Da tsohon ya rasu aka shiga ɗakinsa, sai aka tarar gara ta riga magada, ba ta bar komai ba sai igiyar ratayawa.

Shi ma dajin bai jira shi ba. Mutane sun yi yawa, gona ta manne wa gona, iyaka sai siririn layin gamba, ko ina ka duba jaki ne ɗauke da taki. Nababa ya gaji baka, ya gaji kwari, ya gaji hannun ubansa, amma bai tarar da abin harbi ba sai gafiya da kurege. 'Yan gulma suka sa masa Sarkin Bakan Gafiya. Da ya ga haka sai ya rataye bakan ya kama fiɗa da jima, aka riƙa kiransa duk inda aka yi yankan suna ko na layya, domin wuƙarsa ba ta huda fata.

Sai shekarun fari suka zo, wata na bin wata. Gero ya yi ƙasa da gwiwa ya bushe a tsaye. Rijiyoyi suka koma taɓo. Awaki da tumaki suka riƙa faɗuwa a turke tun kafin mai su ya nemo wuƙa, kuma duk wadda ta mutu haka ta zama mushe, Musulmi ba ya ci. Aikin Nababa ya koma bin bayan gari yana feɗe mushe don a tsira da fata. Aiki ne mai wari, mai zubar da mutunci, amma yana da abu ɗaya da yake taƙama da shi. Duk yunwar da aka yi, ko tsoka ɗaya ta mushe ba ta taɓa shiga gidansa ba. Yakan feɗe, ya naɗe fatarsa, ya bar wa ungulu sauran, ya dawo gida ya ci dafaffen ganyen tafasa da dusa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda da wannan, shi ne Uwaisu, ɗan ƙanin ubansa. Gidansu ɗaya ne a da, danga ce ta raba shi biyu bayan rasuwar iyaye. Gonarsu ma ɗaya ce aka raba, kuma a kan iyakar akwai wata ɗorawa da kowannensu ya rantse kakansu shi ya bar wa. A shekarun ƙoshi wa zai damu da ɗorawa? Amma a shekarar da garin ɗorawa ya zama abincin rana, sai da suka fasa wa juna kai a gindinta. Tun daga nan Uwaisu ya daina cewa Yaya, ya koma kiransa Nababa gatsal, sa'an nan ya shiga yawo a majalisa yana cewa shi dai yana jin ƙamshin nama ta kan danga, bai san daga ina ba. Ƙarya yake yi, ya kuma san ƙarya yake yi, amma Uwaisu irin mutanen nan ne da ke jin daɗin ƙarya fiye da fura.

A cikin wannan hali matar Nababa, Zuliha, ta haifi 'ya mace ranar Laraba, aka sa mata Larai. Zuliha ta sha binne 'ya'ya, saboda haka ta riƙe wannan da hannu biyu. Sai dai mai jego da nama aka san ta, da ƙauri da kunun kanwa, ita kuwa ta yi nata jegon a kan tafasa. Kafin a yi arba'in nononta ya fara janyewa. Jaririyar takan kama ta tsotsa, ta saki, ta canyara ihu, ta sake kamawa. Ungozoma ta zo ta matsa ta duba, ta ce ba iska ba ce, ba sammu ba, romo kawai jikin yake nema. Nababa ya ji wannan magana daga zaure, ya kuwa ji ta har cikin ƙashinsa, domin shi da yake wuni da hannu cikin nama ya kasa kawo wa matarsa ko ƙashi.

Ana nan sai wani abu ya fara ɗauke wa Uwaisu zabi. Zabin nan su ne sauran dukiyarsa, kullum da safe sai ya tsinci gashi a bayan rumbu. Ya zargi kare, ya zargi maƙwabta, ya zargi Nababa da babbar murya. Nababa kuwa ya je ya duba sawun da ke bin layin gamba, ya tsuguna a kansa ya daɗe. Rabonsa da ganin irin wannan sawu tun yana bin ubansa. Muzurun daji ne, yunwa ta koro shi daga inda Allah kaɗai ya sani. Malamai sun ce cinsa makaruhi ne, ba haram ba, matuƙar an yanka. Ya haɗa tarkon waya ya ɗana a gindin ɗorawa, ba don zabin Uwaisu ba, don da ta shi ne ma a cinye su har da mai su.

Wata safiya bayan an sauko daga masallaci ya je ya tarar tarko ya kama. Wayar ta shaƙe dabbar a ƙugu, tana nan da ranta, ta tone ƙasar wurin kaf, tana huci tana nuna haƙora. Nababa ya zaro wuƙa. Abin da ya rage ya taka wuyan da sanda, ya yi bisimilla, ya yanka, Zuliha ta sha romo kafin azahar.

Sai idonsa ya sauka a kan fatar. Ruwan toka ce mai ratsin baƙi, bayan kunnuwa ja, wutsiya da zobe-zobe, ko tabo ɗaya babu. Sak irin ta Ɗan Iya. Ya san in ya yanka dabba tana fizge-fizge, wuƙa za ta yage wuyan daga kunne zuwa kunne, kan ya riƙa reto, ba sauran zancen murfi. Zuciyarsa ta ce masa ya ɗan sumar da ita tukuna, sa'an nan ya yi ƙaramin yanka a natse, ya samu nama ya samu jaka. Ya juya sandar ya sauke mata a ƙeya.

Hannun da ya saba da kan gafiya bai san nauyin kansa ba. Muzurun ya miƙe ƙafafu, ya yi rawar jiki kaɗan, ya saki. Nababa ya durƙusa da sauri ya taɓa ido, ido bai ƙifta ba. Duk da haka ya yi bisimilla ya ja wuƙa a maƙogwaro. Jini bai yi tsartuwa ba. Ɗan baƙi-baƙi ne ya gangaro a hankali ya tsaya a cikin gashi.

Yana kwance wayar sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa. Uwaisu ne, da buta a hannu.

"A'a, Sarkin Baka, yau an yi babban kamu," in ji Uwaisu. "To ajiye shi nan. Zabina ne suka yi masa wannan ƙibar, kuma a gonata ya mutu."

"Gonarka ta ina? Ka ga inda gamba ta bi."

"Na ce a gonata ya mutu."

"A tarkona ya mutu!" Nababa ya daka masa tsawa.

Murmushi ya bazu a fuskar Uwaisu a hankali. Ba kowa ne zai gane abin da ya faru ba, amma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dabbar da aka yanka ba a cewa ta mutu, sai dai a ce an yanka ta. Mai fiɗa kuwa ya fi kowa sanin haka.

"Alhamdu lillahi," in ji Uwaisu. "Ya mutu ɗin. Da bakinka ka faɗa, ba ni na ce ba. Tafi da abinka, na yafe, mu gidanmu ba ma cin mushe."

Nababa ya saɓa muzurun a kafaɗa ya nufi gida. Ya rataye shi ta ƙafafun baya a reshen darbejiyar tsakar gida, ya wasa ƙaramar wuƙarsa a dutse. Da ya fara aiki sai duniya ta ɓace masa, kamar yadda takan yi kullum. Ya tsaga cikin cinya daga dunduniya zuwa dunduniya, iyakar tsagar da za a yi ke nan. Ya matse gindin wutsiya da tsagaggen kara ya zare ƙashin ya fito sumul. Daga nan ya ajiye wuƙa, ya riƙa cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama yana ja ƙasa, fatar na juyewa kamar ana tuɓe wa yaro riga. Ya zaro ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya ya bar faratan a jiki. A kai ne aikin yake. Ya yanke guringuntsin kunne dab da ƙoƙon kai, ya bi gefen ido da tsinin wuƙa har ya tsira da fatar ido, ya bi leɓe da hanci bai zubar da gashin baki ko ɗaya ba. Yankan wuyan kuwa bai fi a rufe shi da ɗan yatsa ba. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun ubansa na da rai. Ya kuma ji kunyar daɗin.

Naman ne bai so ya kalla ba. Ya yi duhu, jijiyoyin sun cika da daskararren jini, ƙeya ta yi baƙi ƙirin. Ya yanke ƙoƙon kan ya jefa a masai, ya sassara sauran ya zuba a ƙwarya, ya miƙa wa Zuliha ba tare da ya dube ta ba.

Kafin nan Uwaisu ya gama zagaye gari. Mutane suka taru a ƙofar gida, masu son ganin muzuru da masu son ganin rigima, na biyun sun fi yawa. Uwaisu na tsakiya yana maimaita labari, kowane zagaye da ƙarin gishiri.

"Dama na sha faɗa muku," yake cewa. "Ƙamshin nan da nake ji, kuka ce sharri ne. To yau ga shi da rana tsaka, mushe za a dafa wa mai jego."

Zuliha ta ajiye ƙwaryar ta matso bakin zaure, ta tsaya daga ciki inda ba a ganinta, ta ɗaga murya.

"Uwaisu, kai da ko kaza aka ba ka yanka sai ka kira maƙwabci, kai ne za ka koya wa Malam yanka? Ina kake lokacin da abin nan yake cinye maka zabi? Kana ɗaki ka ja bargo. An kashe maka ɓarawo, maimakon ka zo godiya ka zo da baki. Wanda ya ga Malam ya kawo mushe gidan nan tun da aka fara farin nan, ya fito ya dafa Alƙur'ani."

Ba wanda ya fito. Aka yi 'yar dariya, wani dattijo ya ce a watse haka nan, aka watse. Nababa na tsaye a gindin darbejiya yana shafa wa fatar toka da gishiri, ya ji ƙirjinsa ya cika da godiya. Ya ɗauka maganar ta ƙare.

Zuliha ta koma madafi ta zuba ruwa a ƙwarya ta fara wanke nama. Ta wanke ta zubar, ta sake wankewa, ruwan bai daina yin baƙi ba. 'Yar mahauci ce ita, a cikin nama ta girma. Ta ɗauki ƙwaryar ta zo ta dire a gabansa.

"Malam, ka yanka?"

"Na yanka."

"Kafin, ko bayan?"

Ya ci gaba da shafa toka. Ta miƙa hannu ta juya wuyan fatar, ta ga 'yar ƙaramar tsagar nan mai tsabta, wadda ba dabbar da ke da rai za ta tsaya a yi mata. Ta saki.

"Wuyan fata ka tausaya wa," ta ce.

"Zuliha, larura ce. Ko Liman kika tambaya zai ce miki mai larura ya ci. Ki dafa ki sha saboda yarinyar nan."

"Da a mace ka tsince shi, wallahi da na ci, Allah ya ga halin da nake ciki. Amma da ransa ka same shi, da wuƙa a hannunka. Kai ka mayar da shi mushe, don jaka. Ni kuma ka bar ni na tsaya a bakin zaure ina kiran Alƙur'ani a kanka."

Ta ɗauki ƙwaryar ta fita bayan gida ta tona rami ta juye, ta tattake ƙasar da ƙafa. Wataƙila romon muzuru ɗaya ba zai dawo da nonon da yunwar shekara ta ƙafar ba. Amma ita ta yarda zai dawo da shi, shi ma ya yarda, kuma wannan ya isa ya hana su kallon juna.

Wani mutum da sai ya jefar da fatar. Nababa bai iya ba, kuma a nan ne halinsa yake. Ya cusa mata ƙaiƙayi ta bushe a inuwa. Ya kankare kitsen ciki da bayan wuƙa, ya daka bagaruwa ya jiƙa a kwatarniya, ya riƙa shafa ruwan ta ciki kawai don kada gashi ya zube. Ya murza ta a hannu, ya ja ta a jikin turmi, har ta yi laushi kamar tsumma. Ya ɗinke ƙasan da jijiya, ya yi mata igiya. Duk wannan a tsakar gida yake yi, Larai na kuka a ɗaki, Zuliha na wucewa ta gabansa kamar ba mutum a wurin. Burgamin ya fito ya fi na Ɗan Iya kyau.

Ranar da ya gama, Zuliha ta yi masa magana karo na farko. Ta ce nono ya ƙafe ƙaf, kuma mace ɗaya ce mai goyo a unguwar da ke da sauran abin ba wani, ita ce Hure matar Uwaisu. Ta ce mace ba ta shayar da ɗan wani sai da iznin mijinta, saboda haka ya san abin yi.

Nababa ya zauna a zaure har rana ta take. Ya tsani Uwaisu tsana ta gaske, irin wadda mutum ke kwana da ita ya tashi da ita. Sa'an nan ya miƙe ya zagaya ya yi sallama a ƙofar da ya rantse ba zai ƙara takawa ba. Uwaisu ya bar shi a rana sai da ya ga dama, ya fito yana sakace haƙori alhali bai ci komai ba.

"Yaya da kansa," ya ce, yana jan kalmar. "Lafiya?"

Nababa ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a ƙasa.

"Ai Larai 'yata ce," in ji Uwaisu. "Hure kuma ba sayar da nono take yi ba. Sai dai har yanzu ina jimamin zabina. An ce fatar da suka yi wa ƙiba ta zama jaka."

Nababa ya koma gida ya ɗauko burgamin, wanda ko sau ɗaya bai rataya ba, ya miƙa. Uwaisu ya saɓa a kafaɗa a juye, kan muzurun na kallon ƙasa, ya ce an gama, a kawo yarinya. Daga ranar har tsufansa da shi yake zuwa kasuwar Bagwai, yana zuba goro da asawaki a ciki, yana ba baƙi labarin yadda ya yi kokawa da dabbar.

Da Nababa ya dawo tsakar gida bai ji kuka ba. Ya duba ya ga Zuliha tsaye a jikin danga, wurin da aka zare kara aka yi 'yar kafa, tana karɓo Larai daga hannun Hure. Yarinyar ta yi barci, bakinta jiƙe da nono. Karan da aka zare sun riga sun kakkarye a ƙasa, ƙafa ta tattaka su, gefen kafar har ya yi santsi don yawan miƙa hannu.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ranar da na binne naman," in ji Zuliha. "Hure ba ta jira iznin kowa ba, ta ji kukan ta kan danga."

"To don me kika tura ni?"

Ta gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗa, ta dube shi ido cikin ido.

"Ba zan goya 'yata a gidan da jakar nan take rataye ba," ta ce, ta shige ɗaki.